Chrome, Firefox, Edge ko Safari: wanne ya fi dacewa da mai bincike da kibod?

A saman kowace burauza akwai dogon gurbin nan da adireshin shafi yake bayyana a ciki. Yawancin mutane da linzami suke isa gare shi: a ɗauke hannu daga kibod, a lalubo linzamin, a kai kibiya can sama, a danna, sannan a dawo a fara rubutu. Mai yin haka sau biyu ko uku a rana ba shi da wata asara. Amma wanda aikinsa yake cikin burauza tun safe har yamma, kamar ɗalibi mai haɗa kundi ko ɗan jarida ko mai rubuta manhaja, wannan kai-komon yana cin lokaci, yana kuma katse tunani. Da zarar mutum ya ƙudurta rage dogaro da linzami, tambaya biyu ce ke gabansa: waɗanne maɓallai zai koya wa yatsunsa, kuma wace burauza ce za ta fi biya masa bukata.

Kafin 2008 gurbi biyu aka saba gani, na adireshi daban, na bincike daban a gefen dama. A watan Yunin shekarar Firefox 3 ta fito da gurbin adireshi mai laluben tarihin shafukan da ka ziyarta da waɗanda ka adana, yana jera su bisa yawan ziyara da kusancinta. A watan Satumba sai Google ya saki Chrome da gurbi ɗaya tal mai yin aikin biyun. Safari ta bi sahu a 2012, Firefox ma ta ɓoye gurbinta na biyu a sigarta ta 57 a watan Nuwamban 2017, sai dai ba ta jefar da shi ba, kuma wannan zai yi mana amfani a gaba. Edge kuwa tun Janairun 2020 Microsoft ya sake gina ta a kan Chromium, wato tushen da Chrome da Brave da Opera da Vivaldi suke kai. Saboda haka a maganar maɓallai, Chrome da Edge ɗanjuma ne da ɗanjummai. Gasar ta gaskiya tsakanin gida uku take: dangin Chromium, da Firefox, da Safari.

Mu fara da shiga gurbin kansa. A Windows da Linux hanya uku ce ta shahara: Ctrl+L, da Alt+D, da F6. Dukkansu suna iya kai ka gurbin su kuma haskaka adireshin da ke ciki, ta yadda harafin farko da ka buga zai share shi. Bambancinsu a hannu yake. Alt+D na hannun hagu ne kaɗai, babban yatsa a kan Alt, na tsakiya a kan D, hannun dama bai ma san an yi ba. Gado ne daga tsohuwar burauzar Internet Explorer, wadda Microsoft ya yi wa ritaya a watan Yunin 2022, kuma har yau yana aiki a Chrome da Edge da Firefox. Rauninsa shi ne ba ya nan a Mac, sannan idan burauzar tana cikin wani harshe yana iya karo da jerin umarnin sama. A Firefox ta Jamusanci, misali, kalmar fayil da harafin D ta fara, don haka Alt+D jerin fayil yake buɗewa.

F6 shi ne mafi rauni a cikinsu. Asalin aikinsa zagayawa tsakanin sassan taga, ba zuwa gurbin adireshi kai tsaye ba, don haka inda zai sauke ka ya danganta da inda kake a lokacin. Ga shi kuma a yawancin laftof layin saman nan an ba shi aikin ƙara haske da rage sauti, sai ka haɗa da Fn kafin ya zama F6. Ban ga dalilin da zai sa sabon mai koyo ya ɓata lokaci a kansa ba.

Ctrl+L ya fi su ɗan nisa a yatsa, domin ko dai ka sa hannu biyu ko ka nemi Ctrl na dama. Amma shi ne wanda ba ya ba da kunya. A Mac ya zama Cmd+L, kuma Safari da Chrome da Firefox duk sun san shi. Yana aiki a taga mai nuna fayiloli ta Windows, yana aiki a ta GNOME, ɗaya daga cikin tsarin fuskar kwamfuta na Linux. Mai kwamfuta ɗaya ta Windows wanda hannun damansa ba ya rabuwa da linzami zai fi jin daɗin Alt+D. Mai yawo tsakanin kwamfutoci kuwa ya riƙe Ctrl+L ya huta. Akwai kuma abin da ake mantawa: Ctrl+T idan ya buɗe sabon tab, wato ƙarin shafi a cikin taga ɗaya, gurbin adireshi yake ajiye ka, ba sai ka ƙara danna komai ba. Idan kuma ka fara rubutu ka fasa, Esc zai dawo da adireshin da ka share.

To me ya kawo Ctrl+K da Ctrl+E, tunda gurbin ɗaya ne? A nan ne haɗe gurbi biyun ya haifar da matsala. Duk abin da ka rubuta, burauza sai ta yi hasashe: adireshi ne ko tambaya? Yawanci tana cin daidai, amma gwada rubuta readme.md don ka san wane irin fayil ne. Burauza za ta nufi wani shafi, saboda .md ƙarshen adireshin ƙasar Moldova ne. Haka .py na Paraguay ne, .sh na tsibirin Saint Helena, kuma tun 2023 Google ya buɗe rajistar adireshi masu ƙarewa da .zip da .mov. Ke nan mai neman bayani a kan wani fayil mai suna rahoto.zip yana iya tsintar kansa a shafin da bai san mai shi ba. Ctrl+K yana rufe wannan ƙofa: yana shiga gurbin ya gaya wa burauza cewa duk abin da zai biyo baya bincike ne. A Chrome Ctrl+K da Ctrl+E aiki ɗaya suke yi, a Edge Ctrl+E ne aka fi sani, a Firefox Ctrl+K, a Mac kuma Cmd+Option+F ne ya haɗa kan Safari da Chrome da Firefox.

Sai dai Ctrl+K ya yi farin jini har ya zama abin rububi. A Google Docs da akwatin rubuta saƙo na Gmail, liƙa mahaɗi yake yi. A manhajojin hira na Slack da Discord, taga ta sauya zaure yake buɗewa. Shafi yana da damar tare maɓallin kafin ya kai ga burauza, kuma ba za ka sani ba sai ka danna ka ga wani abu daban ya fito. Mafitar da ba ta da wannan cikas ita ce Ctrl+L, sannan alamar tambaya a farkon rubutu. Chrome da Firefox duk suna ɗaukar ? a farko a matsayin umarnin bincike. Bugu ɗaya ya ƙaru, amma hankali ya kwanta.

Maɓallin Enter ma yana da 'yan rakiya, kuma a nan babu wata gasa. Ctrl+Enter yana ƙara www. a gaba da .com a baya, sai ka rubuta youtube kawai ka wuce. Alt+Enter yana buɗe abin da ka rubuta a sabon tab ya bar maka shafin da kake kai, wanda a ganina shi ne ya fi kowanne amfani a cikin waɗanda mutane ba su sani ba. A Mac Cmd+Return ne ke wannan aikin a Safari da Chrome. A da Firefox tana da wasu biyu na .net da .org, ta cire su, amma ta bar damar sauya .com ɗin da wani ƙarshen ta cikin about:config, shafinta na ɓoyayyun saituna.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Inda burauzojin suka rabu da gaske shi ne neman abin da yake naka: tab ɗin da ka buɗe ɗazu ya ɓace a cikin talatin, shafin da ka karanta makon jiya ka manta sunansa, da wanda ka adana bara. Firefox tana da alamomi na bugu ɗaya. Ka sa % ka bar tazara ka rubuta kalma, tab ɗin da ke buɗe kaɗai za ta duba. Alamar ^ ta tarihi ce, * kuma ta shafukan da ka adana. A ce kana tuna ka karanta wani bayani kan hawan jini a shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ba ka tuna kansa ba. Ctrl+L, sai ^, sai who (gajeren sunan hukumar da Turanci), sai kalma ɗaya daga kan labarin. Firefox tana duba adireshi da kan shafi a tare, ba ruwanta da wace kalma ka fara sawa, kuma ba za ta cakuɗa maka da shawarwarin injin bincike ba. Kibiyar ƙasa, Enter, shi ke nan.

Chrome ta daɗe ba ta da makamancin wannan. Sai a sigarta ta 108, a ƙarshen 2022, ta kawo @tabs da @history da @bookmarks. Aikinsu ɗaya ne da na Firefox, kuma sun fi sauƙin tunawa tunda kalmomi ne, ba alamomin da sai an haddace ba. Kuɗin da kake biya shi ne tsawo: bugu shida zuwa goma sha ɗaya a inda Firefox ke karɓar biyu, ko da yake buga @ kaɗai yana fito da su ka zaɓa da kibiya. Inda Chrome ta rama shi ne Ctrl+Shift+A, wanda ke buɗe ƙaramar taga ta neman tab, har da waɗanda ka rufe ba da jimawa ba. Edge ma tana da shi. Hattara dai, a Firefox wannan haɗin wurin kula da ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza yake kai mutum, kuma mai amfani da burauza biyu zai sha faɗawa wannan ramin.

Ko ba a sa wata alama ba, halin gurbin biyu ya bambanta. Na Chrome ya fi karkata ga tura ka bincike, na Firefox ya fi karkata ga tuno maka inda ka taɓa zuwa, kuma tana ba ka zaɓi a saituna kan wanne zai hau sama, shawarwarin bincike ko tarihinka. Ba abin mamaki ba ne, kamfanin da ya gina Chrome da tallan bincike yake cin abinci. (Mozilla, mai Firefox, ita ma mafi yawan kuɗin shigarta daga yarjejeniyar bincike da Google yake fitowa, don haka kada a ɗauka waliyyiya ce.) Ga wanda rabin bincikensa komawa ne ga abin da ya riga ya gani, wannan bambancin ya fi duk wani maɓalli nauyi.

Sai bincike a cikin wani shafi na musamman ba tare da an fara buɗe shi ba. Dabarar ɗaya ce a ko'ina. Ka yi bincike a shafin sau ɗaya, ka dubi adireshin da ya fito, ka cire kalmar da ka nema ka sa %s a gurbinta, ka ba shi ɗan gajeren suna. Na YouTube zai zama youtube.com/results?search_query=%s, ka sa masa y. Na Wikipedia ta Hausa zai zama ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s, ka sa masa w. Daga ranar, Ctrl+L, y, tazara, sunan abin da kake nema, Enter, kana cikin sakamakon. A Chrome da Edge ana yin wannan a sashen injin bincike na saituna, kuma ana kunna sunan da Tab ko da maɓallin tazara. A farkon 2021 Chrome ta taɓa cire na tazarar, masu amfani suka yi ca, ta dawo da shi. A Firefox ana iya yi ta hanyar adana adireshin kamar kowane shafi a ba shi kalmar kira. Wannan yana da wata riba ta daban, domin kalmar kira tana aiki ko babu %s: ka sa wa akwatin imel ɗinka harafi ɗaya, ka buga shi ka danna Enter, ka isa.

Safari a nan ta yi baya. Tana da tsarin da idan ka taɓa bincike a wani shafi, za ta tuna, gobe ka fara rubuta sunan shafin ka bi shi da kalmarka ta ba ka zaɓin nema a can. Yana da daɗi ga wanda ba ya son saita komai, amma ba kai ke zaɓar sunan ba, kuma injunan binciken da ta yarda ka ɗora 'yan kaɗan ne, irin su Google da Bing da Yahoo da DuckDuckGo da Ecosia. Wanda yake son sunayensa na kansa sai ya nemo ƙarin manhaja.

Akwai hanya ta uku da ba ruwanta da burauza. DuckDuckGo, injin binciken da Gabriel Weinberg ya kafa a 2008, yana da dubban gajerun sunaye masu farawa da alamar motsin rai: !w na Wikipedia, !yt na YouTube, !g na Google. Idan ka mai da shi injinka na dindindin, sunayen nan za su yi aiki a Chrome da Firefox da Safari, a kwamfuta da waya, ba tare da ka saita ko ɗaya ba. Abin da ka rasa shi ne tambayar sai ta biya ta wajensu kafin a tura ka, ke nan akwai ɗan jinkiri, kuma ka ƙara mutum na uku a hanya. Sunan da ka saita da kanka kai tsaye yake zuwa. Ga mai Safari da mai na'urori da yawa, cinikin yana da riba. Ga mai kwamfuta ɗaya da shafuka biyar da yake yawan nema, gara ya zauna minti goma ya saita nasa.

Neman kalma a cikin shafin da ke gabanka kowa ya san shi da Ctrl+F, sai F3 ko Ctrl+G don zuwa ta gaba, a ƙara Shift don komawa baya. Akwatin Chrome ba shi da wani zaɓi, ka rubuta ya nemo. Na Firefox yana iya bambance babban harafi da ƙarami, yana iya neman cikakkiyar kalma kaɗai, wanda mai duba dogon rubutu zai san darajarsa ranar da ya nemi “da” ya ga an haskaka masa rabin shafi. Firefox tana kuma da / don nema na gaggawa, da alamar ' wadda mahaɗai kaɗai take dubawa: ka buga ta, ka rubuta haruffa uku daga cikin mahaɗin, ka danna Enter, ya buɗe. Wannan shi ne abu mafi kusa da yawo a intanet ba linzami ba tare da an liƙa komai ba. Matsalarsa irin ta Ctrl+K ce, domin YouTube da GitHub, shafin masu rubuta manhaja, sun riƙe / don nasu akwatin binciken. Masu Mac suna da nasu ɗan garaɓasar: ka haskaka kalma ka danna Cmd+E, sai Cmd+G ya riƙa nemo ta ba tare da ka rubuta ta ba.

Maganar sirri ba ta rabuwa da wannan gurbi. Shawarwarin da ke zubowa yayin da kake rubutu daga injin bincike suke zuwa, wanda ke nufin haruffanka suna tafiya can tun kafin ka danna Enter. Kowace burauza tana ba ka damar kashe su, amma a Chrome da Edge da Safari zaɓin biyu ne, ko a kunne ko a kashe. Gurbin nan na biyu da Firefox ta ɓoye a 2017 shi ne ya ba ta zaɓi na uku. Ka dawo da shi, ka hana shawarwari a gurbin adireshi, ka bar su a na bincike. Daga nan Ctrl+L na adireshi da tarihinka ne, Ctrl+K kuma na tambayar duniya. Idan kuma wani tsohon adireshi mai kuskure ya nace yana fitowa, ka sauka kansa da kibiya ka danna Shift+Delete, a Mac Shift+Fn+Delete, zai bar jerin.

Wanda duk wannan bai ishe shi ba, Vivaldi ake nuna masa. Jon von Tetzchner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Opera, shi ya kafa kamfaninta, kuma sigarta ta farko ta fito a 2016. F2 yana buɗe akwati guda da ke neman tab da tarihi da shafukan da aka adana da umarnin burauzar kanta, kuma kusan kowane maɓalli ana iya sauya shi, abin da Chrome ba ta yarda da shi ga nata maɓallan ba. Yawan zaɓin nata kan gajiyar da wanda aiki kawai yake son yi. Haka Vimium, ƙarin manhajar da ke sa wa kowane mahaɗi harafi idan ka danna f, tana da masoya, amma ba ta aiki a shafukan cikin gida na burauza kamar na saituna.

Idan aka tambaye ni, wanda ke tara tab da yawa yana kuma yawan komawa ga abin da ya karanta, Firefox ce tasa, kuma tazarar ba ƙarama ba ce: % da ^ da * da ' da gurbi na biyu, babu wata a cikin manyan da ta haɗa su. Wanda bincikensa kusan duk sabo ne, Google da YouTube da wasu shafuka uku, ba shi da dalilin barin Chrome ko Edge, sunaye biyar da Ctrl+Shift+A sun ishe shi, kuma zaɓi tsakanin su biyun ba a kan maɓallai za a yanke shi ba. Mai Mac da ke son Safari ya zauna a kanta ya cike giɓin da DuckDuckGo. Akwai kuma wanda ba shi da zaɓi kwata-kwata, kwamfutar wurin aiki ce ko ta ɗakin karatu, an kulle saituna, ba a liƙa komai. Shi ma Ctrl+L da Alt+Enter da Ctrl+F suna nan, kuma a madadin sunayen da ba zai iya saitawa ba yana da site: wanda Google da Bing da DuckDuckGo duk suke ganewa. Ya rubuta site:who.int sannan kalmarsa, sakamakon shafin kaɗai zai fito, idan kuma takarda yake nema ya ƙara filetype:pdf a ƙarshe.